Azumin da Inna Ta Yi Ƙiba

Azumin bana ya sake faɗowa cikin damina. Shekaranjiya da la'asar ina zaune a baranda ina tsinke zogale, sai hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kwaso ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa haɗe da hayaƙin ɗanyen icce daga gidan maƙwabta. Autata ta toshe hanci ta shige ɗaki. Ni kuwa dariya ce ta kama ni, ni kaɗai, don hayaƙin ya mayar da ni Tudun Wada, shekarar da nake aji shida a firamare.

Zamanin mulkin soja ne, kuɗin mai sun shigo gari. Baba akawu ne a wata ma'aikata, an yi musu ƙarin albashi, ya sayi babur da rediyo mai rigar fata. Shinkafar waje ta cika kasuwa, madarar gwangwani ta shiga gidajen da a da sai ranar suna ake ganinta. Gidan haya muke. Ɗaki biyu namu, ɗaki biyu na wani malamin makaranta, Kirista mutumin kudancin Zariya, da matarsa Maman Talatu. Rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya, murhu biyu. 'Yarsu Talatu ajinmu ɗaya, ita ce mai baki, ni Kulu ni ce mai kallo. Tun ina ƙarama ba na iya magana a gaban manya, sai dai in raɓe jikin bango in ga komai.

Inna siririya ce tun asali. In ta ɗaura zane sai ya zagaye ta har ya yi saura. Tana da ciwon asma, wanda tsofaffi ke ce wa fuka. In ya tashi, ƙirjinta kan riƙa fito kamar buta a kan wuta, ta dafa turmi ta sunkuya, mu kuma mu yi cirko-cirko. A bazarar shekarar abin ya yi tsanani, Maman Talatu ta tasa ta gaba har asibiti. Suka dawo da wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, cike da fararen ƙwayoyi ƙanana, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba. Likita ya ce ɗaya kullum da safe, kuma kada ta kuskura ta bari ba da saninsa ba.

Ba a jima ba fiton ya ɗauke. Inna ta yi daka, ta yi shara, ta wanke randuna, ta sake jeren kwanoni da babu wanda ya ce sun karkace. Sai kuma yunwa ta zo. Inna da a da take tura mini ragowar tuwonta, ita ce na kama tana kankare ƙanzo a bayan ɗaki, tana ci tana waige. Kumatu suka fara fitowa, fuskar ta zama zagaye kamar faifai. Wani tudu ya taso a bayan wuyanta. Zoben azurfarta sai da aka sa sabulu da zare kafin ya fita. Ciki ya turo gaba, amma ƙafafu suka ƙi bin sahu, suna nan sirara yadda suke. Har wasu 'yan gashi suka tsiro mata a haɓa. Takan shafa toka a yatsu ta tsaya gaban madubi tana cizge su ɗaya ɗaya, in ta gan ni ta cikin madubin sai ta ce, "Ke, ba ki da aiki?"

Da fari Baba daɗi ya ji. Abokansa na majalisar ƙofar gida suna cewa, "Malam Umaru, lalle ƙarin albashin ga ya karɓi gidanka." Shi kuma ya shafa gemu ya ce sai godiya.

Matan unguwa wani lissafi suka yi daban. A wajenmu ba a faɗin ciki da baki. Ba a tambaya, ba a ba da labari, sai dai a gani a yi shiru a fara hidima. Ƙanena Bello ya kai shekara takwas ba a yi masa ƙane ba, saboda haka murna ta kama kowa. In Inna ta ɗaga taɓarya sai wata ta karɓe. In ta jefa guga a rijiya sai a ce, "Kawo, kawo, zamna." Wata ta aiko da tsamiya, wata da goruba, wata tsohuwa ta damƙa mata ƙullin farar ƙasa a hannu tana kashe ido. Tunda babu wadda ta furta komai, Inna ba ta da abin da za ta musa. Sai ta karɓa ta ce an gode, ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado tana kallon farar ƙasar.

Maman Talatu ta sha ce wa Inna, "Maman Kulu, ki gaya masu mana! Bari ni in gaya masu."

"Rufa mani asiri," in ji Inna. "In ce masu mi? Wa ya tambaye ni?"

Ta bakin wata mai kawo shinkafa labarin ya kai ƙauye, wajen mahaifiyar Baba, wadda kowa ke kira Gwaggo. Azumi bai yi nisa ba, wata rana mun taso makaranta, muka tarar da akori-kura a ƙofar gida, an yi mata lodin icce har ya fi kan direba tsawo. A gaba ga Gwaggo, 'yar tsohuwa busasshiya, ta rungume wata ƙatuwar tukunya a cinya. A ƙafafunta akwai ƙullin kanwa da na yaji. Duk macen da ta ga wannan kaya ta san na wankan jego ne, na tafasa ruwan da mai haihuwa za ta yi kwana arba'in tana wanka da shi.

Iccen ba na banza ba ne. Shekarun fari ba su daɗe da wucewa ba, itatuwan kusa da ƙauyensu duk an sare. Gwaggo da ƙafarta ta riƙa shiga daji tun rani tana tara busasshen da za ta ci damina da shi. Shi ta kwaso kaf, ba ta bar wa kanta ko ƙirare ba.

Inna ta fito ta durƙusa da ƙyar. Gwaggo ta dube ta daga sama har ƙasa, ta yi murmushi har dasashi ya bayyana.

"Tashi, A'i, tashi. Daga yau na ɗauke maki durƙuso."

Da Baba ya dawo ya ga tulin iccen, sai ya kashe babur ya daɗe a kai bai sauko ba.

Azumin damina ba ƙishi ne wahalarsa ba, nauyi ne. Gari kan yi lumshi, iska ta tsaya, gumi ya manne wa mutum riga a baya. Ƙudaje da rana, sauro da magariba. Kwatar ƙofar gida ta cika ta tumbatsa, mu tsallaka bisa duwatsu da takalma a hannu. Ashana ta yi sanyi, gishiri ya jiƙe a kwano, wanki ya kwana biyu a igiya yana warin ruma. Yanzu yara na buɗe firiji su zaɓi abin buɗa baki. Mu randa ce firijinmu, sai kuwa ranar da Baba ya samo ƙanƙara a nannaɗe cikin buhu, a ranar har su Talatu da ba sa azumi sai sun zo layi da kofi.

Aikin gidan a jere yake. Da asuba ɗumamen tuwo da koko, ni ce mai miƙa wa Inna ƙwayarta, don likita ya yarda ta yi azumi in dai za ta sha da sahur. Da hantsi a jiƙa wake. Bayan azahar ni da Talatu mu kai markaɗe. Da la'asar a dama kunun tsamiya, a ɗora kaskon ƙosai. A nan ne Inna ke shan wuya. Maganin ya buɗe mata ciki, ga azumi, ga ƙanshin mai. Takan juya wa kaskon baya ta riƙa jan carbi da sauri, cikinta na ƙugi har ina ji daga bakin rijiya.

Gwaggo ta matso kusa da ita. "A'i, ki sha ruwa. Allah ya ɗauke ma mai lalura."

"Lahiyata lau, Gwaggo."

Gwaggo ta juyo ta kashe mini ido. "Kin ji ta, ƙawata. Kunya ta."

Sai kuma hidimar icce. Gwaggo ta ce ɗigon ruwa ba zai taɓa shi ba. Da farko a tsakar gida aka jibge shi, da hadari ya taso sai ta buga salati, kowa ya bar abin da yake yi. Ni, Bello, Talatu, har malamin makaranta da farar singiletinsa, mu yi ta jida zuwa zaure. Rana ta fito, ta ce a fitar ya sha iska. A ƙarshe iccen ya gaje zauren gaba ɗaya, babur ɗin Baba ya koma kwana a waje, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Girki kuwa da ɗanyen iccen kasuwa ake yi, mai hayaƙi da hawaye, don na Gwaggo ba na tuwo ba ne.

Wata rana na ji Inna ta tsare Baba a ɗaki.

"Malam, ka tahi ka hwaɗa mata."

"Ni? In dubi idon Gwaggo in yi mata wagga magana?"

"To ni ce za ni iya? Uwarka ta."

Baba ya gyara hula ya fita, ya zauna a gefen tabarmar Gwaggo. Ya yi gyaran murya. Ya tambayi gero, ta ce ya yi kai. Ya tambayi shinkafar fadama, ta ce sai godiya. Ya tambayi jakin maƙwabcinta. Da ya ƙare dabbobin ƙauyen kaf, sai ya dubi sama ya ce da alama za a yi ruwa, ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Washegari ni aka aika. Inna ta koya mini maganar sau uku: jikin nan magani ne ya kawo shi. Na je na tsaya a gaban Gwaggo ina murza bakin ɗankwali.

"Gwaggo, Inna ta ce..."

"Ta ce mi?"

Na dubi tukunyar, na dubi ƙullin kanwa da ta rataye a ƙusa, na dubi hannuwanta da ƙaya ta yi wa zane.

"Ta ce ko a ƙara maki sukari ga kunu."

"Allah shi yi mata albarka. A ƙara."

Daga nan Inna ba ta sake aiken kowa ba. Da gani ta yanke wata shawara. Ina miƙa mata ƙwaya da asuba, tana kai hannu baki, tana kurɓar koko, kamar kullum. Amma na lura da wani ɗan ƙulli a bakin zanenta, inda take ɗaure canji. Kullum yana ƙara girma, kuma ba ya ƙarar kwabo. Ran nan tana wanka na taɓa shi, na ji 'yan ƙwayoyi suna motsi a ciki. Dabararta ke nan: ta bar magani, jiki ya saɓe da kansa, Gwaggo ta gani da idonta, ba sai kowa ya buɗe baki ba. Na rasa wanda zan gaya wa. Na bi Maman Talatu har bakin murhu, na tsaya, ta ce, "Kulu, lafiya?" Na ce lafiya, na koma.

Jikin bai saɓe ba. Abin da ya dawo shi ne fiton. Da fari ɗan siriri, sai ka kasa kunne. Ga kasala, ga jiri, ta tashi tsaye sai ta dafa bango. Gwaggo na gani tana gyaɗa kai, tana cewa kwanaki sun matso.

Ranar da abin ya faru, da la'asar ne, cikin goman tsakiya. Tun azahar gari ya yi ɗif. Sai gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashi ƙasa da ganyen dogon yaro ta watsa tsakar gida, ta danno hayaƙin murhu cikin rumfa. Inna tana tsame ƙosai. Na ga matsamin ya faɗi. Ta dafa turmi ta sunkuya, kafaɗunta na hawa da sauka, gumi na zuba, ta buɗe baki ba magana.

Gwaggo ta yi tsalle ta miƙe kamar yarinya.

"Alhamdu lillahi! Ta zo! Bello, ruga ka kira ungozoma! Ƙawata, jawo icce! A'i, durƙusa, yi nishi, ɗiyata, yi nishi!"

Kafin in motsa ta kinkimo tukunyar nan ta ɗora, ta tura icce a murhu, ta hau fifita da faifai. Yayyafi ya fara, wutar ta ƙi kamawa, hayaƙi ya turnuƙe gidan har ba na ganin rijiya. Inna na ɗaga hannu tana nuna hayaƙin, Gwaggo na cewa, "Na sani, na sani, ruwan na tahe, yi haƙuri."

Ban san lokacin da na ruga ɗakin Maman Talatu ba. Ban yi sallama ba. Na kamo hannunta na jawo ta, na kai ta gaban Inna, na nuna bakin zanen. Ta kwance ƙullin, ƙwayoyi suka zube a ƙasa, farare a kan jiƙaƙƙen yashi.

"Yesu! Maman Kulu, kin bar shan magani?" Ta ɗauki bokiti ta sheƙa wa murhun ruwa.

"Ke!" in ji Gwaggo. "Ruwan haihuwa kinka kashe ma wuta?"

"Wane haihuwa, Mama? Babu komai a cikin nan sai tuwo! Asma ne! Magani ne ya kumbura ta, ta bari, ga shi zai kashe ta!"

Daidai nan ungozoma ta shigo da lema da 'yar jakarta, Baba na biye da ita a jiƙe. Maman Talatu ba ta bar kowa ya yi tambaya ba. Ta tura mijinta ya taro tasi, aka ɗauki Inna, Maman Talatu da Baba suka shiga, motar ta tafi tana watsa ruwan kwata.

Aka bar mu da ungozoma. Ta dubi murhu, ta dubi Gwaggo, ta ce to ita za ta koma kada a sha ruwa ba ta gida. Gwaggo ta ce a ƙulla mata ƙosai.

Ruwa ya sauko sosai. Aka kira magariba, na kai wa Gwaggo kunu. Ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Ta tsuguna a bakin rumfa tana tsince ƙwayoyin da ba su narke ba, tana jera su a tafin hannu.

"Ƙawata, wanga ɗan abu shi ya yi wannan aiki duka?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Kin sani?"

Na gyaɗa kai.

"Ubanki ya sani?"

Na sake gyaɗawa.

"Har jakin maƙwabcina ya tambaya," in ji ta. Ta ci gaba da tsintar ƙwayoyin.

Inna ta kwana biyu a asibiti. An yi mata allurai, likita ya yi faɗa har Baba ya ce bai taɓa jin an zagi mutum da Turanci ya gane kowace kalma ba sai ran nan. Da ta dawo, ta shiga ɗaki ta zauna, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Gwaggo ta bi ta. Ni kuma na raɓe a bakin ƙofa da tsintsiya.

"A'i, don ni kinka bar shi?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Don kar in ji kunyar icce?"

"Kin sha wahala, Gwaggo. Kuma kowa na kallona. Ni kaina in na diba madubi ban gane wadda ke ciki."

"To ni na gane ta. Na ga shekarun da mata sunka rame har zane ba shi zama ga ƙugu, mun rufe wasu da hannunmu. Ke Allah ya ba ki numfashi ya haɗa maki da kumatu, kina ƙulle shi ga bakin zane? Icce ai icce na. Ba ni kwalbar."

Tun daga ranar kwalbar ta koma lalitar Gwaggo. Da sahur ita ke bayarwa, ta tsaya a kan Inna da fitila.

"Haɗe. Buɗe baki. Ɗaga halshe."

Inna, uwar 'ya'ya biyu, ta ɗaga harshe, Bello na dariya har koko ya sarƙe shi. Sau ɗaya na ji Gwaggo ta ja Maman Talatu gefe tana tambaya ko likitan nan yana ba tsofaffi, don ita tun tana budurwa take biɗar ƙiba ba ta samu ba. Maman Talatu ta ce sai mai asma. Gwaggo ta gwada ɗan tari, bai yi kama ba, ta haƙura.

Unguwa kuwa labari ya rabu biyu. Na kusa sun ji gaskiya daga ungozoma, na nesa suna nan a kan lissafinsu. Inna ta ce ita ba za ta fita ranar Salla ba. Gwaggo ba ta yi musu ba, ta dai ɗauki rigar Sallar ta kai wa Maman Talatu mai keken ɗinki, aka farke gefe da gefe aka ƙara ƙyalle. Da safiyar Salla ta shimfiɗa ta a kan gado, ta yafa mayafinta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni ban san hanyar gidajen garin ga ba. In na ɓace, ke za a tambaya."

Haka muka fita gaisuwa, Gwaggo a gaba, Inna a tsakiya, ni a baya da kwanon tuwo a kai. An yi ruwa da asuba, gari ya yi wasai, kwata na gudu. Inna na tafe tana numfashi a hankali, babu fito, rigar ta zauna mata daidai. Mun kusa kan kwana sai ga Hajiya Ige, wata dattijiya mai sayar da atamfa a can ƙarshen unguwa. Ta tsaya, ta dubi cikin Inna, ta langaɓe kai, ta yi addu'ar da ake yi wa mai ciki.

"Sannu, A'i. Allah shi raba lahiya."

Gwaggo ta buɗe baki, Inna ta riga ta.

"Ba ciki ba na, Hajiya. Magani na. Na huka."

A tsakiyar titi, da rana tsaka, da muryar da masu wucewa suka ji. Hajiya Ige ta yi sororo. Ta gyara mayafi, ta dubi Gwaggo, ta dube ni, ta nemi addu'ar da ta dace ta rasa.

"To... to Allah shi ƙara."

"Amin," in ji Gwaggo da ƙarfi. "Mu tahi, A'i, tuwo na hucewa."